Bas, Walay da Fayik: Yadda Ake Su a Tafkunan Amurka da Kanada, da Dalilin da Kifinsu Bai Ƙare Ba

'Yan uwa ɗalibai, a jami'o'in Amurka da dama akwai ƙungiyar masu kamun kifi, kamar yadda muke da tim ɗin ƙwallo a nan makaranta. Suna da riguna, suna da koci, suna zuwa gasa tsakanin makarantu, wasu jami'o'in ma har tallafin karatu suke ba ɗalibin da ya ƙware a jefa fatsa. Wanda ya fara jin wannan zai ce ai ƙoshi ne ya yi musu yawa. To akwai ƙoshin. Amma a bayan wasan akwai ilimin halittu, akwai fiziks, akwai doka da haraji, kuma akwai tambayar da ta shafi duk mai ruwa a kusa da garinsu: ta yaya miliyoyin mutane za su riƙa kama kifi a tafki ɗaya shekara da shekaru, kifin bai ƙare ba?

Kifaye uku ne suka fi tashe a wannan harka. Turawa na rubuta sunayensu bass, walleye da pike. Mu a nan za mu kira su bas, walay da fayik. Babu ko ɗaya daga cikinsu a kogunanmu, don haka kada wani ya je kasuwar kifi ya tayar wa mai kifi hankali.

Ina ne gidansu?

Arewacin Amurka da kudancin Kanada ƙasa ce ta tafkuna. Dubban shekaru da suka wuce ƙanƙara mai kauri ta rufe yankin, da ta narke sai ta bar ramuka cike da ruwa. Mafi girma su ne Manyan Tafkuna biyar: Superior, Michigan, Huron, Erie da Ontario, waɗanda ke riƙe da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke kwance a bayan ƙasa. Jihar Minesota kaɗai tana da tafkuna sama da 11,000. A irin wannan wuri yaro na tasowa da sandar fatsa a hannu kamar yadda yaron Yawuri ko Baga ke tasowa a kwale-kwale.

Bambancin shi ne yawancin masu su a can ba sana'arsu ba ce. Malamin makaranta ne, ko makanike, ko nas, da ke fita ranar Asabar da sanda ɗaya da ƙugiya ɗaya. Da yake ba taru zai ja ya kwashe duk abin da ya samu ba, dole ya san halin kifin da yake nema.

Kowane kifi da halinsa

Bas iri biyu ne suka fi shahara. Akwai mai babban baki, wanda muƙamuƙinsa ke wuce bayan idonsa. Shi yana son ruwa mai ɗumi, marar zurfi, inda akwai ciyawa da bado da kututturan da suka nutse. Akwai kuma mai ƙaramin baki, wanda ya fi son ruwa garau mai ɗan sanyi da duwatsu. Idan bazara ta shigo ruwa ya fara ɗumi, namijin ne ke share wuri a ƙasan ruwa ya yi sheƙa, macen ta zuba ƙwai ta kama gabanta, shi ya tsaya gadi har 'ya'yan su ƙyanƙyashe. A lokacin nan duk abin da ya matso sai ya kai masa cafka, ko ba yunwa yake ji ba. Shi ya sa kama shi ke da sauƙi a wannan lokaci, shi ya sa kuma wasu jihohi ke hana kama shi ko su ce a mayar da shi nan take: in ka ɗauke uban, ƙananan kifaye za su cinye ƙwan cikin 'yan mintuna.

Walay kuwa sirrinsa a ido yake. A bayan idonsa akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, irin wanda ke sa idon mage ya yi ƙyalli in ka haska mata tocila da dare. Wannan ne ke ba shi damar gani cikin duhu fiye da ƙananan kifayen da yake ci. Saboda haka farautarsa da asuba ce, da magariba, da dare, da ranar da hadari ya rufe ko iska ta kaɗa ruwa ya ɗan gurɓace. Da tsakar rana sai ya sauka ƙasa ya lafe a gefen duwatsu. Namansa fari ne, ba ƙaya da yawa, ba ƙarni, don haka shi ne kifin da aka fi kamawa don tukunya. Minesota ta ayyana shi kifin jiha a 1965.

Fayik shi ne ɗan ta'addan cikinsu. Dogo ne siriri, bakinsa kamar na agwagwa, cike da ɗaruruwan haƙora masu kaifi. Wanda ya san tsage a ruwanmu zai gane irin halin. Ba ya yawon neman abinci. Laɓewa yake yi cikin ciyawa shiru, sai ganima ta zo wucewa ya harba kamar kibiya. Yana cin kifi, da kwaɗo, da 'yan tsakin agwagwa, har da ɗan uwansa fayik in ya fi shi girma. Shi ba a Amurka kaɗai yake ba, akwai shi a Turai da Rasha har Sibiriya. Mai neman fayik yakan ɗaura guntuwar waya tsakanin zare da ƙugiya, in ba haka ba haƙoran su datse zaren, a yi asarar koto da kifi gaba ɗaya.

Kan batun girma, ga abin da ke rubuce a kundin bajinta. A 1932 wani manomi mai suna George Perry ya kama bas mai babban baki da ya haura kilo 10 a jihar Jojiya, aka shafe shekara 77 kafin Manabu Kurita ya kamo kwatankwacinsa a tafkin Biwa na Japan a 2009. Walay mafi nauyi, mai kilo 11 da ɗoriya, an kama shi a Tenesi a 1960. Fayik mai kilo 25 kuwa a Jamus aka kama shi a 1986. Duk a haɗa su ba su kai ƙaton giwan ruwa ɗaya ba, wanda kan iya haura kilo 100. Kun ga ke nan ba girman kifin ke jan mutane ba, wahalar yaudararsa ce.

Tafki ma hawa-hawa ne

Ga inda 'yan SLT za su gyara zama. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4 na ma'aunin Selshiyas. Idan ya fi haka ɗumi ya fi sauƙi, idan ya fi haka sanyi ma ya fi sauƙi, shi ya sa ƙanƙara ke yawo a sama. Wannan ƙaramar gaskiya ita ke tafiyar da rayuwar tafki a ƙasashen sanyi.

Da zafi, rana na ɗumama ruwan sama, ya zauna a kan ruwan ƙasa mai sanyi da nauyi, ba sa gauraya. A tsakaninsu akwai wani siririn hawa inda zafi ke faɗuwa da sauri. Ruwan ƙasa ba ya haɗuwa da iska, kuma matattun ganyaye da ke ruɓewa a can suna cinye oksijin ɗinsa. A tafki mai yawan ciyayi, kafin ƙarshen zafi ƙasan ya zama wurin da kifi ba ya iya numfashi. Don haka wanda ya ce bari ya saki ƙugiya can ƙasa-ƙasa don ya samu manya, ruwa kawai yake wa gadi. Kifin na taruwa ne a daidai wancan siririn hawa ko sama da shi kaɗan.

Da kaka, ruwan sama ya huce ya yi nauyi ya nutse, iska ta kaɗa tafkin ya juya gaba ɗaya, oksijin ya koma ƙasa. Da hunturu sai saman ya daskare, amma a ƙarƙashi ruwa na nan a kusan digiri 4, kifi na raye. A nan ne ake yin abin da zai ba ɗan Sakkwato mamaki: mutane su taka kan tafki, su huda ƙanƙara da na'ura, su kafa 'yar bukka da hita, su zauna suna fatsa ta rami. Hukumar albarkatun ƙasa ta Minesota na gargaɗin cewa kada a taka sai sabuwar ƙanƙara garau ta kai kaurin santimita 10, mota kuwa sai ta ninka haka fiye da sau biyu. Duk da gargaɗin, ba a rasa masu gaggawar da motarsu ke burmawa.

Kayan aiki

Sanda ce mai lanƙwasa, da kwarkwaron naɗe zare a gindinta, da zare, da ƙugiya. Koto iri biyu ne. Akwai mai rai, kamar tana da ƙananan kifi da matsattsaku, wanda masu neman walay suka fi so; sukan sa shi a ƙugiya mai ɗan kan dalma, su riƙa ɗaga shi suna saki a hankali kusa da ƙasa. Akwai kuma na bogi: tanar roba, kwaɗon roba, cokalin ƙarfe mai walƙiya, da ɗan kifin katako. A 1936 wani masunci ɗan ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya lura cewa manyan kifaye sun fi kai wa ƙaramin kifi mai rauni hari, wanda ke tafiya yana tangaɗi. Sai ya sassaƙa ɗan kifi da toshiyar kwalba, ya naɗe shi da takardar cakulan mai ƙyalli, ya yi ta gyara har ya riƙa tangaɗi a ruwa. Yau Rapala kamfani ne da ke sayar da kaya a duniya. Furojet ɗin mutum ɗaya ke nan, ba lab, ba sufabaiza.

Sai na'urar gano kifi, wadda kamfanin Lowrance ya yaɗa a tsakanin masu fatsa tun 1959. Tana aika ƙara cikin ruwa ta jira amsa-kuwwa. Ƙara na tafiyar kusan mita 1,480 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwan daɗi. In amsa ta dawo bayan daƙiƙa 0.02, ƙarar ta yi tafiyar kusan mita 30 zuwa da dawowa, zurfin ke nan mita 15. Kifi na fitowa a allo ne saboda jakar iskar da ke cikinsa tana mayar da ƙara sosai. Sabbin na'urori irin LiveScope na Garmin, da ya fito a 2018, suna nuna kifi yana motsi kai tsaye kamar bidiyo. Har yanzu ana cacar baki a kansu: tsofaffin hannu na cewa wannan ya zama wasan gem, wasu masu shirya gasa ma sun taƙaita amfani da su.

Jakar iskar nan tana da wani darasi. Kowane mita 10 na zurfi yana ƙara matsi kwatankwacin na iskar sararin duniya. In ka fizgo walay ko bas daga mita 10 zuwa sama da sauri, iskar cikinsa za ta nemi ninka girmanta, dokar Boyle da muka haddace don jarrabawa. Cikin kifin ya kumbura, wani lokaci tumbinsa ya leƙo ta baki, ko ka sake shi ba zai iya nutsewa ba. Shi ya sa ake ba masu niyyar sakin kifi shawarar su guji ruwa mai zurfi sosai.

Gasa, kuɗi da maguɗi

Ray Scott, wani mai sayar da inshora daga Alabama, shi ya mayar da kamun bas wasan kuɗi a ƙarshen shekarun 1960, ya kafa ƙungiyar B.A.S.S. Babbar gasarsu, Bassmaster Classic, an fara ta a 1971, wanda ya ci ya tafi da dala 10,000. A 'yan shekarun nan kyautar ta kai dala 300,000. Ƙa'idar da aka saba: kowa ya kawo manyan kifinsa biyar a rana, a auna, mai nauyi ya ci. Tun 1972 suka fara matsa wa 'yan gasa su kawo kifi da rai. Jiragen na da tankin ruwa mai famfo, wanda ya kawo matacce a rage masa maki, bayan awo a mayar da kifin tafki. Daga nan al'adar kama-ka-saki ta bazu.

Inda kuɗi ya shiga, sai a hankali. A 2022, a gasar walay a tafkin Erie kusa da birnin Cleveland, alƙalin gasa ya ga kifin wasu mutum biyu ya yi nauyin da bai dace da tsawonsa ba. Ya sa wuƙa ya farke ciki, sai ga dunƙulen dalma da yankan naman wani kifin da aka cusa. Bidiyon ya zaga duniya. Kotu ta ɗaure su kwana 10, aka ƙwace jirginsu, aka dakatar da lasisinsu shekara uku. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Masu shiga hol da 'yar takarda a safa, kifi na ganinku.

To me ya hana kifin ƙarewa?

Amsar farko ita ce ya sha kusan ƙarewa. A tafkin Erie akwai wani nau'in walay mai launin shuɗi da ake kwasa da raga tan-tan har shekarun 1950. Kamun wuce kima da gurɓatar ruwa suka gama da shi, a 1983 aka ayyana ya ƙare a duniya. Shi kansa walay na yau ya ragu ƙwarai a shekarun 1960. A 1970 aka rufe kamunsa na kasuwanci saboda an samu gubar makyuri daga masana'antu a namansa. A 1972 Amurka da Kanada suka sa hannu a yarjejeniyar tsabtace Manyan Tafkuna. Hutun da kifin ya samu da gyaran ruwa suka sa ya farfaɗo, yau Erie na cikin wuraren da suka fi walay a duniya. Duk shekara masana daga jihohin da ke kewaye da tafkin da lardin Ontario na zama su ƙiyasta yawan kifin, su yanke adadin da za a kama, su raba.

Misali na biyu shi ne Red Lake a Minesota, wanda mafi yawansa ke hannun ƙabilar Ojibwe, 'yan asalin ƙasar. Walay ne abincinsu da sana'arsu. A shekarun 1990 kifin ya faɗi warwas saboda kamun wuce kima daga kowane ɓangare. A 1997 masuntan ƙabilar da kansu suka dakatar da kamun kasuwanci, a 1999 aka ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jiha da ta tarayya: an hana kama walay kwata-kwata, aka zuba miliyoyin 'ya'yan kifi. Mutane sun ji jiki, wasu sun rasa abin yi. A 2006 aka sake buɗe tafkin, kifi ya dawo.

Daga irin waɗannan darussa aka gina tsarin yau, mai ƙafa huɗu. Na ɗaya, lasisi: duk baligin da zai jefa ƙugiya sai ya saya, kuma akwai jami'ai masu bi suna dubawa. Na biyu, lokaci: a Minesota ana rufe kamun walay da fayik a lokacin zuba ƙwai, sai tsakiyar Mayu a buɗe, ranar ta zama kamar biki har gwamna ke fita. Na uku, adadi da tsawo: shekaru da dama ƙa'idar jihar ita ce walay shida ga mutum ɗaya, kuma ɗaya kaɗai zai wuce kusan santimita 51, domin manyan yawanci mata ne masu ƙwai da yawa. Wasu tafkunan na da tasu doka da ta fi wannan tsanani. Na huɗu, kuɗi: tun 1950 dokar Dingell-Johnson ta sa harajin kashi 10 cikin 100 a kan kayan fatsa, ana raba wa jihohi don bincike da ƙyanƙyasar kifi da gyaran tafkuna, kuma jihar da ta karkatar da kuɗin lasisi zuwa wani aiki za ta rasa kasonta. 'Yan Akanta da Fablik Admin, wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne gishirin miyar.

Baƙon da ya kori mai gida

Son waɗannan kifaye ya sa mutane sun kai su inda ba gidansu ba, kuma an ga sakamako. An kai bas Japan a 1925. Ya yaɗu har tafkin Biwa, ya yi wa ƙananan kifayen gargajiya ɓarna, har a 2005 doka ta sa shi cikin baƙin halittu masu cutarwa. An kai shi Afirka ta Kudu da tafkin Naivasha na Kenya a ƙarshen shekarun 1920. A Kalifoniya wani ya saki fayik a tafkin Davis ba izini, sai da hukuma ta zuba maganin kashe kifi a tafkin gaba ɗaya har sau biyu, a 1997 da 2007. Mu ma nahiyarmu na da irin labarin: giwan ruwan da aka zuba a tafkin Biktoriya a shekarun 1950 ya kawo kasuwar fitar da kifi waje, amma ya taimaka wajen ɓatar da ɗaruruwan nau'in ƙananan kifaye. Don haka wanda ya karanta wannan ya fara tunanin shigo da bas dam ɗin garinsu, ya yi haƙuri ya ajiye tunanin.

Abin da ya rage mana

Ba za a kwafo tsarin Minesota a manna a Kainji ko Tiga ba. Mai fatsar can in bai kama komai ba zai biya kanti ya sayi abinci. Masuncinmu in ya dawo hannu wofi, gidan ba a ɗora tukunya. Ce masa ya kama ya saki zagi ne. Amma tushen abin ba baƙo ba ne a wurinmu. A Argungu ana hana su a Matan Fada tsawon shekara sai ranar biki, kuma sarkin ruwa na da ta cewa kan lokacin shiga ruwa tun kafin a san kalmar lasisi. Muna kuma da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa. Abin da ke kashe ruwa a ko'ina iri ɗaya ne: raga mai ƙananan ido da ke kwashe 'ya'ya, gidan sauro da aka mayar abin su, guba da ake zubawa, da kama uwa lokacin da take ɗauke da ƙwai.

Duk farfaɗowar da aka samu a Erie da Red Lake ta fara ne da wani ya zauna ya ƙirga kifi, ya auna tsawonsu, ya rubuta. Wannan aiki ne da ɗalibin ND zai iya. Ɗan Fishari ya je bakin dam da ma'auni da littafi sau ɗaya a mako, ya rubuta tsawon karfasa da tarwaɗar da ake saukewa, ya tambayi masunta girman idon ragarsu da yadda kamun yake shekara goma baya. Ɗan Statistiks ya jera alƙaluman, ɗan Ilektirikal ya haɗa ma'aunin zafin ruwa mai rahusa, ɗan Mas Kom ya mayar da sakamakon shirin rediyo da masunta za su saurara. Masu neman tofik na furojet a wannan semesta, ga shi nan kyauta, kuma ya fi kwafo na wani a kafe a canza sunan gari.